Ranar da Gidan Kore Ya Sauya Riga

Tun kafin in sa ƙafa a tasha abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: kada Hanifa ta ɓace mini a Legas. Hatsarin hanya da ɓarayi na bar wa Allah, amma yarinyar nan na san halinta. Ba ta cika shekara biyar ba, ƙafarta kuwa ta fi bakinta sauri. In ta ga kyanwa sai ta bi ta, in ta ga mai tallan balan-balan sai ta bi shi. Akwai ranar da ta bi akuyar maƙwabta har bakin kwalta, wani mai keke ne ya dawo mini da ita. Tun daga ranar na kafa mata doka: duk inda muke zan nuna mata alama ɗaya, in ta duba ba ta gan ni ba, ta tafi wurin alamar ta tsaya, kada ta bi kowa. A nan Barunde alamarmu ita ce baƙin tankin ruwan masallacin layinmu.

Tun da na dawo matan islamiyyarmu ba su bar ni na huta ba. Wannan ta ce yaya Legas, waccan ta ce da gaske ne an sauya wa bene launi saboda 'yata. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya. Karatuna a firamare ya tsaya, in kun ga kuskure ku gyara a zuci.

Yayata ce, Adda Maimuna, ta haihu a can. Dada, mahaifiyarmu, ya kamata ta je zaman jego, to ciwon gwiwa ya hana ta doguwar tafiya, sai aka ce ni. Baban Hanifa ya ce in bar masa yarinyar. Na ce masa shi da yake fita da keke tun asuba, wa zai bar wa ita, akuyar? Ya yi dariya ya kai mu tasha.

Babbar bas muka shiga. Wadda ta zauna kusa da ni wata 'yar kasuwa ce daga Herwagana, Maman Joy ake ce mata, takalma take sarowa. Hanyar nan ta san ta kamar tsakar gidanta, ita ke gaya mini inda banɗaki yake da tsabta da inda gara mutum ya daure. Duk inda aka tsaya, kafin mu sauka sai na riƙe kafaɗar Hanifa na zaɓa mata alama. A Bauchi na nuna mata wani mai lemu da jar hula. Maman Joy ta dube ni ta ce, "Maman Hanifa, mai lemu fa yana da ƙafa. In ya tashi sallah fa?" Na ga gaskiyarta. Daga nan na koma zaɓen abin da ba ya motsi, falwaya ko famfon gidan mai.

Ba mu ƙetare iyakar ƙasa ba, amma shingayen hanya sun sa Hanifa ta tambaye ni ko mun shiga wata ƙasa. A wani shinge bayan Jos aka ce kowa ya sauka da kayan hannunsa. Ni bokiti ne da ni, Dada ta cika shi da kuka da daddawa da man shanu da yajin jego, da busasshen ganyen darbejiya na wanka. Jami'in ya buɗe robar yajin ya kai hanci don ya ji ko mene ne. Atishawar da ya yi ta yi har hularsa ta faɗi. Abokan aikinsa suka juya baya suna dariya, shi kuma ya yi mana nuni da hannu mu tafi, bai iya magana ba.

Abinci tun daga Lokoja ya fara sauya fuska. Can muka ci soyayyen kifi a bakin babban kogi. Da muka nutsa ƙasar Yarbawa Maman Joy ta sa aka kawo mini amala. Tuwo ne baƙi, na ɗauka ƙonewa ya yi, na ce a mayar. Ta ce haka Allah ya yi shi, in ci. Miyar da suke ta yabo kuwa, da na ɗanɗana ashe lalo ce, irin wadda take fitowa a bayan gidanmu ba mai kula ta. Barkonon dai ba na wasa ba ne. Hanifa ta lasa sau ɗaya ta koma kan dakuwarta.

Mijin Adda, Hamma Bappa, shi ya tarye mu a tasha. Agogo da tabarau yake sayarwa a tsakiyar birnin. Ya saka mu a wata ƙaramar bas mai ruwan ɗorawa, kwandastan yana rataye a ƙofa yana ta ihu kamar ana faɗa, alhali sunayen unguwanni yake kira. Muka hau wata gada a kan ruwa wadda na yi ta jiran ƙarshenta bai zo ba. Cunkoson motoci ya riƙe mu har magariba ta yi. A nan na fara ganinsa.

Bene ne dogo, ya fi duk na kusa da shi. Ba shi da baranda, ba shi da zane, ba shi da wani lanƙwasa, kamar an tsayar da sandar sabulu a tsaye. Gilashi ne, sai wasu dogayen haƙarƙarin siminti da suka tashi daga ƙasa har sama. Ina kallonsa sai wuta ta kama a jikin haƙarƙarin nan, ta fara daga ƙasa tana hawa, har gidan gaba ɗaya ya zama kore, da farin layi a tsakiyarsa. Na ce wa Hamma wannan masallaci ne ko gidan biki. Ya ce banki ne. Na ce su wa suke aiki a ciki da magariba da suke buƙatar wannan wuta haka. Ya ce ai an tashi, kuma wutar ma ba a ciki take ba, a waje take, kwalliya ce kawai.

Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Mu a Barunde in an kawo wuta yara ihu suke yi, kowa ta ruga ta jona waya, ta yi guga, ta sa ruwa a firij kafin a ɗauke. Ga wasu sun sami wutar har sun rasa abin yi da ita sun shafa wa bango. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, da muka isa gidan su Adda babu wuta, da fitilar waya na fara ganin fuskar jaririn. Amma in ka fito kan matakalar benensu, ga gidan koren can yana haska sararin sama.

Gidan tsohon bene ne, ciki da falo suke haya, banɗaki na kowa da kowa. Maƙwabtan Yarbawa ne, yarinya in za ta gaishe ka sai ta kai gwiwa ƙasa ko da tana ɗauke da bokitin ruwa. Da na fara dafa ruwan wankan jego da darbejiya, matan gidan suka taru a kaina. Da suka ga tururin da Adda take shiga, wata tsohuwa ta riƙe baki ta tambayi Hamma ko dafa matarsa muke yi. Su tawul suke tsomawa a ruwan zafi su gasa cikin mai jego. Kunun kanwa kuwa da suka ɗanɗana, kullum da safe sai na ga kofuna a ƙofarmu.

Washegarin zuwanmu da magariba na kai Hanifa kan matakala na nuna mata. Na ce in ta duba ba ta gan ni ba a garin nan, ta ɗaga kai ta nemi gidan kore, ta je ƙofarsa ta tsaya. Na sa ta maimaita har ta ƙosa. A raina na ce ban taɓa samun alama mai kyan wannan ba: ba ta da ƙafa, ana hango ta daga ko'ina, duhu ma ba ya ɓoye ta. Kullum in an yi magariba sai mu leƙa, kullum kuwa kore.

Wata rana da la'asar na matsa wa Hamma ya kai ni in gan shi kusa, tunda rumfarsa ba nisa. Daga ƙasa in ka ɗaga kai sai ka ji kamar zai faɗo maka. Mai gadin ƙofar wani dattijon Inyamuri ne, Emeka, a Jos ya tashi, Hausarsa garau sai dai yakan ce wa mace "kai". Da ya ga ina ta kallo ya ce in matso in tambayi abin da nake so, shi ma zaman ya ishe shi.

Can sama na hango wasu mutum biyu a cikin kwandon ƙarfe, an rataye su da waya, iska tana kaɗa su. Emeka ya ce masu gyaran wutar ne. Ya nuna mini wani guntu da suka sauko da shi: bututun roba ne, a ciki an jera ƙananan ƙwayaye kamar ƙwayar masara. Duk girman hasken nan daga waɗannan 'yan abubuwan yake. A ƙasa kuma ga wata mace tsaye da hular kwano da kayan aiki, tana riƙe da wata faffaɗar waya kamar faranti, tana yi wa na saman magana. Ya ce ita ce injiniyar, ita ke ba wutar umarni. Ina tsaye suka gama ɗaura sabon bututu, ta danna farantin, bututun ya ƙifta ja, ya ƙifta shuɗi, ya ƙifta kore, ya mutu. Na ce mene ne haka. Ya ce gwaji ne, duk sanda aka yi gyara sai an bi launukan an ga kowanne yana kamawa. Ni na ɗauka kamar tela ne da yake gwada zare kafin ya koma kan wanda zai yi ɗinki da shi.

Na tambaye shi amfanin haska bango bayan kowa ya tafi gida. Ya ce banki kamar mai kuɗin unguwa ne, ranar da aka ga gidansa da duhu, kafin gari ya waye an ce ya karye. Hamma ya ce shi kam tunda ya zo garin bai taɓa tambaya ba.

Aka yi suna lafiya, jariri ya ci sunan mahaifinmu. Ana gobe za mu taho na ce zan shiga kasuwa in yi tsaraba. Adda ta ce in bar Hanifa, Hanifa ta sa kuka, na ce ba komai, ai hannunta yana cikin nawa. Na yi ta ciniki da hannu da yatsu har rana ta yi sanyi ban lura ba. Lokacin tashin kasuwar Legas ba irin namu ba ne. Kowa gudu yake yi. Sai ga yayyafi, masu kaya suka fara janye leda, wani mai baro ya taho da kaya sun fi kansa yana ihu a ba shi hanya. Ƙullin da ke kaina ya zame, na saki hannunta don in tare shi. Baron ya wuce ta tsakaninmu. Da na miƙa hannu, ba kowa.

Na kira sunanta har muryata ta dushe. Na shiga wannan lungu na fita wancan, duk iri ɗaya. Wayata tana hannuna amma na kasa tuna yadda ake kiran Hamma. Sai na tuna dokarmu, na ce ai ta san inda za ta. Na yar da ƙullin a gaban wata mai shago na kama gudu wajen benen. Ina cikin gudun wutar ta kama, ta fara hawa daga ƙasa kamar kullum.

Ruwan hoda ce. Daga ƙasa har sama, kamar ankon biki.

Na isa ƙofar ba Hanifa. Emeka ya gane ni. Na ce masa ina koren. Ya ce kore ai na makon bikin 'yancin kai ne, an gama; wannan watan daga sama aka ce a sa ruwan hoda saboda tunawa da mata masu ciwon nono. Na gaya masa abin da na koya wa 'yata. Na ce yarinyar nan ba za ta zo gidan da ba kore ba, ni na hana ta. Ya kira Hamma da wayata, ya ce zai tura yaran gadi su duba. Amma duhu yana ƙaruwa, mutane kamar an buɗe dam, kuma ba wanda ya san kamanninta.

Sai ga injiniyar ta fito, ta cire hular kwano, jaka a kafaɗa, za ta gida. Ban san sanda na sha gabanta ba. Emeka ya fassara mata. Ta girgiza kai ta yi magana mai tsawo, ya ce wai tana ba ni haƙuri, launin wata ba ita ke zaɓa ba, in ta sauya shi da kanta za ta iya rasa aikinta. Ta ce a je wurin 'yan sanda.

Na ce masa, "Ka ce mata ba sauyawa nake roƙo ba. Gwaji. Irin wanda ta yi rannan, ja, shuɗi, kore. In ta zo kan koren ta ɗan daɗe."

Ya faɗa mata. Ta tambayi shekarun yarinyar, ya gaya mata. Ta ɗaga waya ta yi wa wani magana da Turanci a gajarce, sannan ta zauna a kan matakalar bankin cikin yayyafin nan, ta ciro farantin daga jaka ta ɗora a cinya.

Abin da ban zata ba, gidan gaba ɗaya ya fara mutuwa. Titin ya yi duhu, na ji kamar ni aka kashe. Sai ya kama ja. Ya koma shuɗi. Sannan kore ya taso daga ƙasa ya hau har ƙarshe, ya tsaya. Masu wucewa suka ɗaga kai, wasu suka ciro waya suna ɗauka. Ta ce wa Emeka ya gaya mini ba za ta iya riƙe shi da daɗewa ba. Na tsaya a bakin ƙofar ina juyawa gabas da yamma, duk addu'ar da na sani na karanta, wadda ban sani ba ma na fara ta. Wayar injiniyar ta yi ƙara, ta duba, ta kife ta a kan matakala ba ta ɗauka ba. Hamma ya iso a guje ba takalmi ɗaya.

Ta bayan benen suka ɓullo. Wata ƙatuwar mata ce, zaninta duk toka, ta goya Hanifa a baya kamar jaririya, ƙafafun yarinyar suna reto har gwiwarta, Hanifa kuma tana nuna sama da hannu tana gwada mata hanya. Da ta sauke ta na rungume ta. Hanifa ce ta fara magana, cikin fushi.

"Mama, ba ni na ɓace ba. Gidan ne ya ɓace."

Matar mai gasa ayaba ce, layi biyu kacal a bayan bankin. Ta yi bayani da Yarbanci da guntun Turanci, Emeka yana juya mini. Ta ce ta ga yarinya ta fito daga cikin mutane ta tsaya a kusurwa tana kallon sama, tana juyawa, ba ta kuka. Ta zaunar da ita a bencinta ta ba ta ayaba. Aka samo wani Bahaushe mai yankan farce ya tambaye ta, ta ce gidan kore take nema. Aka nuna mata benen, ta ce ta gan shi, ba nasu ba ne. Wasu suka ce a kai ta ofishin 'yan sanda, ta ƙanƙame bencin ta ce mamarta ta hana ta bin kowa. Matar ta ce to a bar ta a nan, uwar da ta koya mata wannan tana nan kusa. Da koren ya kama, wai Hanifa ayabar ta yar ta kama zanin matar tana ja.

Kafin in dawo hayyacina injiniyar ta mayar da ruwan hodarta. Na durƙusa zan yi mata godiya, ta ɗaga ni, ta kama haɓar Hanifa ta faɗi wata magana tana murmushi, ta ruga ta tari bas, wayar tana kunnenta. Mai ayabar ma ta ce kayanta suna kan wuta, ta juya. Ko sunan ɗayarsu ban tambaya ba. Ƙullin tsarabar kuwa Hamma ya samo shi a wurin mai shagon, ba abin da ya taɓa shi. Da asuba muka kama hanya.

Bayan mun dawo na yi ta tunanin injiniyar, ko kiran da ta ƙi ɗauka ya jawo mata wani abu. Hamma ya je ya tambayi Emeka, ya ce an kira ta sama an yi mata faɗa, amma tana nan a bakin aikinta. Hanifa yanzu ta haddace lambar babanta, da waƙa na koya mata. Na kuma je wurin ladanin masallacinmu na ce don Allah ranar da za a yi wa tankin nan fenti a gaya mini tukuna. Ya dube ni kamar na zautu, amma ya ce to.

Ga roƙona. Na sayi atamfa turmi biyu, na yi dambun nama, Dada ta ƙara da man shanu, na matan nan biyu ne. Hamma ba zai zo gida ba sai babbar sallah, dambu kuma ba zai jira ba. Duk wanda zai tafi Legas cikin 'yan kwanakin nan, ko mijin wata ko ɗan'uwanta, don Allah ya biyo ta Barunde, layin masallaci mai baƙin tanki, ya tambayi gidan Maman Hanifa. Kayan ba nauyi. In ya isa ya nemi dogon benen banki mai haƙarƙarin siminti, kusa da ruwa, ya ba Emeka mai gadi, shi ya san su duka. Kada ya tambayi gidan kore. Kowane launi ya tarar, shi ne.